An ce kiɗa kai tsaye, sai ga kwamfuta

Wai don Allah, idan an rubuta a fosta cewa wasan kwaikwayo ne mai kiɗa da waƙa kai tsaye, me ya kawo kwamfuta bakin dandali? Wannan yayi ya fara isata a Jos. Ka sayi tikiti, ka zauna jira, sai wani yaro ya danna maɓalli, waƙar da aka naɗa a situdiyo ta tashi, 'yan wasa su kama motsa baki. In wuta ta ɗauke kuwa, sai ka ga jaruma tsaye baki buɗe, babu murya.

Na san hujjar masu shirya wasan. Biyan mai kalangu, mai goge da mai jita kowane dare ba wasa ba ne, ga hayar zaure, ga man janareta. Gaskiya ne. To a faɗa mana tun a fosta mana, mu san abin da muka saya.

Abin haushin, a Jos ake wannan, garin Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, mawaƙin da ya riƙa riƙe taro da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Ga makaɗan biki da na coci birjik suna neman aiki. Mai kalangu ƙafar ɗan rawa yake kallo. In ya ga jama'a sun ɗauka, sai ya ƙara zafi. Ita kwamfuta minti uku aka ba ta, minti uku za ta yi, ko da zauren ya kaure da guɗa.