Cinikin biri a sama

Akwai wani bawan Allah da ya naɗa kansa alƙalin takardun bayanin kayan aiki, irin waɗanda ake rubuta wa 'yan aiken AI, wato manhajojin AI da ke yi wa mutum aiki ta hanyar kiran wasu ƙananan manhajoji, su ne kayan aikin. Ban kama suna ba, ya san kansa. Kullum sai ya fito da jadawali, wannan takarda ta ci kaza, waccan ta faɗi. Ka tambaye shi da me ya auna, sai ya ce ya duba tsawon bayani, ya ga an saka misali, ya ga kanun magana sun jeru ras. Wani lokacin ma wata manhajar AI yake miƙa wa takardar ta ba ta maki, shi kuma ya kwafo ya liƙa. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya ɗauko ɗan aiken, ya damƙa masa takardar, ya ba shi aiki na gaske, sannan ya zauna ya ga inda zai yi tuntuɓe.

Ga wanda bai saba da harkar ba, tun da kamfanin AI na OpenAI ya buɗe hanyar da manhajarsa za ta riƙa kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, takwaransa Anthropic kuma ya fitar da MCP, ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki, a Nuwamban 2024, abu uku ɗan aike ke gani game da kowane kayan aiki: sunansa, ɗan bayaninsa, da guraben da zai cike. Ba ya ganin cikin manhajar kayan aikin. Ba shi da abokin aikin da zai leƙa ya tambaya. Abin da ka rubuta shi ne idonsa, abin da ka manta kuwa zai cike shi da zato, kuma ba zai gaya maka zato ya yi ba.

Ni na gani da idona. Na taɓa rubuta kayan aikin duba kalanda, bayaninsa tsaf, har da misalai, irin wanda mutumin nan zai ba makin ƙoli. A gurbin lokaci na rubuta "lamba" kawai. Ɗan aiken ya turo lokacin da daƙiƙoƙi, yadda tsarin kwamfuta na Unix ke ƙirgawa daga 1 ga Janairun 1970. Manhajata kuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa take jira, yadda harshen rubuta manhaja na JavaScript ke yi. Sai ta tafi neman taro a ƙarshen Janairun 1970, ba ta samu komai ba, ta dawo hannu wofi ba tare da ko saƙon kuskure ba. Ɗan aiken ya juyo cikin natsuwa ya ce wa mai tambaya ba shi da taro ranar, alhali taro biyu na jiransa. Sai da na buɗe sawun aikin, wato rikodin duk abin da ɗan aiken ya yi, na bi kira ɗaya bayan ɗaya, sannan na ga wannan shekara ta 1970 tana kallona. Layi ɗaya na ƙara, na faɗi ma'auni da misalinsa, matsalar ta kau. Wane jadawali ne zai nuna maka wannan?

Kuma kada a raina batun ma'auni. Irinsa ne ya cinye kumbon NASA, Mars Climate Orbiter, a Satumban 1999: ɓangare ɗaya na auna ƙarfi da ma'aunin fam, ɗayan na jiran ma'aunin niyutan. Waɗannan injiniyoyi ne masu iya ɗaga waya su tambayi juna, balle ɗan aiken da ba shi da kowa sai takardarka.

Su kansu masu ƙera waɗannan manhajoji ba daga kan kujera suke yanke hukunci ba. Injiniyoyin Anthropic sun faɗa a Disambar 2024 cewa lokacin da suke gina ɗan aikensu don SWE-bench, gwajin da ke auna iya gyaran manhaja, gyaran kayan aiki ya fi cin lokacinsu a kan gyaran babban umarnin. Sun lura yana ruɗewa da gajeren adireshin fayil da zarar ya sauya folda, sai suka wajabta cikakken adireshi, kuskuren ya tafi. Gwaji ne ya nuna musu.

To, bawan Allah, ka ce hanyata ɓata lokaci ce. Na ji, tana cin lokaci. Dole ka maimaita aiki ɗaya sau da yawa, domin ɗan aike ba ya amsa iri ɗaya kullum, nasara ɗaya ba hujja ba ce. Dole ka ajiye kayan aiki biyu masu kama da juna ka ga wanne zai ɗauka, ka ba shi aikin da bai kamata ya taɓa kayan ba ka ga ko zai haƙura. Sannan ka karanta saƙon kuskure, don shi ma bayani ne: wanda ya ba da lambar kuskure "400" kawai ya bar ɗan aike yana ta buga ƙofa ɗaya, wanda ya faɗi gurbin da aka cike ba daidai ba ya nuna masa mafita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙannenmu masu tasowa. Sun fara rubutu don jadawalinka, suna cusa surutu don bayani ya yi tsawo. Ba ka gaya musu cewa kowace kalma tana cin gurbi a ɗan abin da ɗan aike ke iya riƙewa lokaci guda ba, kuma gargaɗin da ya fi muhimmanci yakan nutse a tsakiyar surutun. Ranar da kayan aikinsu zai goge fayil ɗin wani, su za a kira, kai kana can kana raba maki.

Ka zaɓo takardar da ka fi yabo a jadawalinka. Ni zan kawo ayyukan da ɗan aiken bai taɓa gani ba, mu sake shi, mu karanta sawunsa tare a gaban jama'a.