Likitan da ke gano ciwon ƙwaƙwalwa ta cikin ido, arewacin Kamaru ma na buƙatarsa

In ana maganar ciwon ido a Garwa ko Marwa ko Ngaundare abinda ke zuwa ran mutane shine yanar ido da amodari da gilashi, kuma da gaskiyarsu tunda sune suka fi yawa. Amma akwai wasu majinyata da kullum suke faɗawa tsakani: mutum ya daina gani ko yana ganin abu biyu-biyu, an duba idon ance lafiya lau, an rubuta masa ordonans na maganin ɗigawa ya koma gida, bayan wata shida sai kaji ance ai aljanu ne ko sammu. Alhali kamar fitilar lantarki ne da taƙi kamawa, ƙwan lafiyarsa ƙalau, wayar da ke cikin bango ce ta samu matsala. Irin waɗannan mutanen akwai likita nasu na musamman, wanda ya karanci ido ya karanci jijiya da ƙwaƙwalwa kuma yana bincike bayan duba majinyata. Ni a ganina lokaci yayi da zamu bar wasu daga cikin yaranmu subi wannan hanyar, mu kuma tsaya musu.

Jijiyar da ke ɗaukar gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa tana da zare sama da miliyan ɗaya, kuma fatar da ke can bayan ido wadda haske ke sauka a kanta asalinta ɓangaren ƙwaƙwalwa ce tun jariri yana ciki. Shi yasa in matsi ya ƙaru a cikin kai, ko saboda ƙari ko sanƙarau ko ruwa da ya taru, kan jijiyar nan yakan kumbura kuma likita na iya ganin kumburin da idonsa in ya leƙa da ƴar na'ura mai fitila da ake riƙewa a hannu. Wani likita ɗan Jamus, Hermann von Helmholtz, shi ya ƙirƙiro ta wajen 1851, yau batir kawai take ci. Haka in ƙari ya fito a ƙasan ƙwaƙwalwa daidai inda jijiyoyin ido biyu suke gicciye juna, mutum zai fara rasa ganin gefe da gefe, yana gani gabansa tar amma baya ganin babur ɗin da ke tahowa ta gefensa, wanda ya san aikin da yatsunsa ma zai gwada shi ya gane inda matsalar take kafin a kai ga hoton kai. To a wajen da hoton kai yafi ƙarfin aljihun yawancin mutane, ga nisa, ga kuɗin mota, wa yafi mu buƙatar likitan da ke da wannan ilimin?

Nasan abinda za'a ce, kuma ba maganar banza bace. Za'a ce tsofaffi suna zaune a ƙauyuka da yana wadda aikin ƴan mintuna zai cire, mai cirewar ma bai wadata ba, sai mu ɗauki yaro ya shekara 7 a makarantar likita, ya ƙara 4 a fannin ido, ya sake ƙara wasu a fannin jijiya, sannan kuma ya raba lokacinsa da ɗakin bincike? Eh lissafin akwai ciwo. Ga uwa da uba da suka sayar da shanu ko auduga tun daga konkur, jarrabawar shiga makarantar, suna jiran ranar da zai fara ɗaukar nauyin ƙannensa, shi kuma bincike baya kawo kuɗi kamar buɗe kilinik. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Kuma bance kowa ya zama haka ba, mutum biyu ko uku ma a duk jihohin arewa uku zasu canza abubuwa da yawa.

Dalilina shine abinda irinsu suka riga sukayi a asibitocin da basu fi namu ba. A Blantyre ta ƙasar Malawi wata likitar ido, Susan Lewallen, ta riƙa leƙa idon yaran da maleriya ta sumar, tana aiki tare da Terrie Taylor da Malcolm Molyneux, a shekarun 1990 suka bayyana cewa akwai alamomi na musamman a bayan idon: wasu wurare sunyi fari, jijiyoyin jini sun canza kala, ga ɗigon jini. Daga baya a 2004 suka fitar da sakamakon binciken gawar yaran da akace maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su, sai aka ga kusan ɗaya cikin huɗu wani ciwo ne daban, ƙwayar maleriyar dai tana jininsu ne kawai kamar yadda take jinin yara da yawa da damina. Abinda yafi bambance su tun suna raye shine duban bayan ido. Ka tuna yadda ɗakin yara ke cika a watan Agusta da Satumba a nan wajenmu, yaro ya suma yana fizge-fizge, gwaji ya nuna maleriya, shikenan hankali ya tsaya a nan. In ido bai nuna alamun ba to dole likita ya ƙara neman wani abu, sanƙarau ne ko guba ce ko wani abin. Wannan ilimin ba daga babban inji ya fito ba, likita ce da ke ganin majinyata kullum take kuma rubuta abinda ta gani a tsare.

Mu dawo gida ma. Maganin Mectizan da ake rabawa saboda makantar bakin kogi, wadda mutanen kwarin Vina wajen Tuboro suka sani sarai, a kudancin ƙasar nan ya taɓa jawo tashin hankali, don a dajin kudu akwai wata tsutsa Loa loa wadda har ake ganinta tana ratsa farin ido, wanda ƴaƴanta sukayi yawa sosai a jininsa in yasha maganin ƙwaƙwalwarsa na iya taɓuwa ya suma, wasu sun mutu. A Okola kusa da Yaunde sai da aka dakatar da rabon a 1999. Likitoci masu bincike, cikinsu harda Grace Fobi ƴar Kamaru da Michel Boussinesq ɗan Faransa, sune suka lura cewa ɗigon jini a cikin fatar ido na daga alamun da ke nuna mutum yana cikin haɗari. Sannan a 2015 Joseph Kamgno ɗan Kamaru da abokan aikinsa suka koma Okola da wata ƴar na'ura da ke aiki da wayar salula tana ƙirga tsutsar a ɗigon jini cikin ƴan mintuna, suka gwada mutum sama da 16,000, suka ware ƴan kaɗan masu haɗari aka baiwa sauran magani, ba wanda ya shiga mummunan hali. Yanzu kuma ana ta bin alaƙar makantar kogi da farfaɗiya a kwarin Mbam. Tambayata, wa ke bin irin wannan a Mayo-Rey, inda Tuboro take?

Akwai abubuwan da suka fi kusa da mu ma. Mai shan maganin tarin fuka, ɗaya daga cikin ƙwayoyin wato ethambutol yana iya taɓa jijiyar gani, farkon alamar shine ja da kore su fara rikice masa, in an gane da wuri aka tsayar sau da yawa ganin yakan dawo. Kinin in yayi yawa yana makantarwa. Barasar da aka gurɓata da methanol tana kashe jijiyar cikin kwana ɗaya biyu. Sai yaron da aka haifa da yana ko idonsa ya karkace iyaye suce bari ya girma tukuna, alhali aikin David Hubel da Torsten Wiesel, dukkansu likitoci ne da suka koma bincike har suka samu kyautar Nobel a 1981, ya nuna ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne a farkon rayuwa, in lokacin ya wuce ko an gyara idon ganin baya cika. Wannan kam ya kamata kowace ungozoma ta sani.

Abinda nake roƙo bashi da tsada sosai. Yanzu muna da makarantar likita a Garwa, jami'ar ma ta tsaya da ƙafarta tun 2022, ga reshen cibiyar gwaje-gwaje da bincike ta Centre Pasteur a garin, a Yaunde ga irinsu Farfesa Alfred Njamnshi da suka daɗe suna koyar da ilimin jijiya da ƙwaƙwalwa. Kada ɗalibi ya fita daga makarantar nan bai iya leƙa bayan ido ba, kuma a aje na'urar a ɗakin yara da na gaggawa ba a kulle a ofishin likitan ido ba. Wanda ya nuna sha'awa a tura shi ƙaro ilimi da sharaɗin zai dawo, in ya dawo kuma a bar masa kwana ɗaya ko biyu a sati da ba layin majinyata, don wanda ke duba mutane tun safe har la'asar kullum ba yadda za'ayi ya zauna ya rubuta komai. Attajiranmu na Garwa da Marwa da ke biyawa mutane kujerar Makka duk shekara, Allah ya saka musu, ɗaukar nauyin likita ɗaya na shekara biyu uku bai fi ƙarfinsu ba.