Jirgin Rigasa ba ya jiran mai "ina zuwa"

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ya ga yadda ɗan Kaduna ke rikiɗa ya koma mai kiyaye lokaci. Mutumin da kullum sai an shafa fatiha yake isa wurin ɗaurin aure, ranar tafiya sai ka gan shi a tasha tun da sauran awa guda. Ashe mun iya. Jirgi dai yana da ƙarfe nawa zai tashi, burinmu kuwa ko rana ba mu sa masa ba.

'Yan uwana matasa, ku zauna a kowace majalisa, Tudun Wada ko Kawo ko Unguwar Rimi, ku tambayi samari abin da suka sa a gaba. "Bana dai sai na kama sana'a." Wace sana'a? A wurin wa? Yaushe za ka fara? Sai a yi shiru. Ni ma na yi wannan, shekara biyu ina cewa zan je Panteka in koyi walda. Ranar da na ce "Asabar, ƙarfe takwas, zan sami maigidan da kawuna ya yi wa magana", ranar abin ya tashi daga mafarki.

Buri sai da lissafi. Alƙur'ani izu 60 ne, bugun Madina shafi 604, kusan shafi goma ke nan kowane izu. Shafi biyu bayan kowace salla, ka yi izu guda a rana, wata biyu ka sauke. Mai neman shiga jami'ar jihar Kaduna (KASU) ko kwalejin Kadpoly, jarrabawar JAMB darasi huɗu ce, maki 400, Turanci dole. Ka ba kowane darasi ranarsa, ka riƙa amsa tsofaffin tambayoyi ashirin bayan Asuba, kafin gida ya tashi. Mai son jari, naira 500 a asusu kullum, a wata 15,000 ce. Ba za ta sayi keke Napep ba, na sani, amma ta fi miliyan ɗin da ke bakinka.

Kuma ranarmu a yanke take gida biyar, salla ta riga ta raba mana ita. Ka rataya kowane aiki a jikin salla guda, ba sai ka nemi wata manhaja ba.

Ba na zagin majalisa, zumunci ce, can ake jin inda ake ɗaukar aiki. Amma awa uku kowane dare awa 21 ce a mako, saura kaɗan ta cika kwana guda cur. Ka karɓe awa ɗaya kawai, shayin ba zai ƙare ba.

Sai dai kada zumuɗi ya sa ka cika takarda da abu goma sha biyar. Garin nan za a ɗauke wuta, Hajiya za ta aike ka Kasuwar Barci, za a yi rasuwa a layinku. Abu uku sun isa a rana, ka bar fili saboda irin waɗannan. Hadisi ya tabbata cewa aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne.

Nawa ukun suna manne a bayan ƙofar ɗakina. Jiya ta'aziyya ta cinye mini karatun La'asar, yau shafi huɗu ke kaina.