Idon da ba ya ciwo ma a kai shi a duba

Abin da ya fi tsaya mini a rai a zamana na Ingila shi ne yadda mutum yana gani garau, babu ƙaiƙayi babu hawaye, zai ɗauki ƙafa ya je a duba masa ido. A gida kuwa sai gani ya dushe, an gama zagaye da maganin ɗigawa na kemis da na gargajiya, sannan a tuna da asibiti.

A nan shagon tabarau ne a bakin titi, amma mai gwajin ya yi karatun abin. Bayan ka karanta haruffan bango, sai ka ɗora haɓa a kan wata na'ura ta huro maka iska a ƙwayar ido, ta auna matsin ruwan da ke ciki, wanda a lafiyayyen ido yawanci yake tsakanin 10 da 21. A ɗauki hoton cikin idon a ga jijiyar gani. Wani lokaci a miƙo maka maɓalli ka riƙa dannawa duk sanda ɗan haske ya ƙyafta ta gefe. Hukumar lafiya ta NHS ce ke biyan kuɗin gwajin yara 'yan ƙasa da shekara 16, da wanda ya kai 60, da mai ciwon suga, da kuma wanda ya kai 40 in mahaifinsa, mahaifiyarsa, ɗan'uwansa ko ɗansa yana da hawan jinin ido, wato cutar da ke lalata jijiyar gani, yawanci saboda matsin ruwan ido ya yi yawa.

Wannan na ƙarshen ne ya fi damuna, domin hawan jinin ido ya fi kama baƙar fata, kuma yana bin jini. Yawanci ba ya ciwo. Ta gefe yake fara cin gani, mutum ya riƙa tuntuɓe da buta ko karo da bakin ƙofa a ce tsufa ne, alhali jijiya ce ke mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai 40 suna da cutar, kuma fiye da 90 cikin 100 daga cikinsu ba su san suna ɗauke da ita ba. Mu kuma tabarau a kasuwa muke saye: a gwada wannan a gwada wancan, wanda rubutu ya fito da shi a biya a tafi. Babu wanda ya leƙa cikin idon.

Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutanenmu, ga shi aikinta a asibiti bai fi na mintuna ba, a cire ta a sa sabon madubi. Amma har yanzu a ƙauyuka akwai masu tura yanar cikin ido da tsinke, kuma idanu da yawa a nan suke tafiya gaba ɗaya. Ba na ganin laifin tsohon da ya miƙa musu idonsa. Su ne suka zo har ƙofar gidansa, asibiti kuwa sai an nemi kuɗin mota da ɗan rakiya.

Ingila ma ba aljanna ba ce, ana daɗewa a layi kafin a ga babban likita. Kuma muna da ƙwararru: ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga Asibitin Ido na ECWA a Kano da mutane ke zuwa har daga Nijar. Zuwa da wuri ne ba mu saba ba.

Mu da ke aika kuɗi gida, mu ware na gwajin ido ga Baba da Inna, mu ce a auna matsin idon, a kuma duba jijiya. In an samu hawan jinin ido a jikin ɗaya, 'ya'yansa da 'yan'uwansa duk su je. In likita ya rubuta maganin ɗigawa, a gaya wa tsohon cewa na kullum ne, kada ya daina don kwalba ta ƙare.