Motar asibiti ba fenti da jiniya ba ce

Duk lokacin da gwamnati ko wani ɗan majalisa ya raba motocin ɗaukar marasa lafiya, abin da ake nuna mana shi ne sabon fenti da fitila mai walƙiya da makullin da ake miƙa wa shugaban asibiti. Ba kasafai ake buɗe bayan motar a nuna abin da ke ciki ba, balle a gabatar da waɗanda za su zauna kusa da majinyaci. A ganina nan ne matsalar take, domin motar da ke ɗauke da direba da gado kaɗai ba ta bambanta da motar haya ba sai da ƙarar jiniya.

A Zariya batun ya fi tsanani saboda yadda garin ya shimfiɗu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, can bayan Samaru a kan hanyar Funtuwa, wanda kuma aka turo daga Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko aka kwaso daga haɗari a kan titin Kaduna zuwa Kano, sai ya ratsa cunkoson gari kafin ya ga likita. Alhali idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kuma kowane minti da ya wuce ba tare da taimako ba yana rage damar tsira da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Babu direban da gudunsa zai cike wannan giɓi, don haka aikin ceto ko dai a fara shi a cikin motar, ko kuma a isa asibiti da gawa.

Farfaɗo da zuciya ba sihiri ba ne, amma yana da ƙa'idojin da ba sa yafe kuskure. Ana danna tsakiyar ƙirjin babba sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, a bar ƙirjin ya dawo bayan kowace dannawa, a ba da numfashi 2 bayan dannawa 30, sannan masu aikin su riƙa karɓar juna duk minti 2 saboda gajiya na rage ƙarfin hannu tun kafin mai shi ya lura. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ma'aikaci ɗaya a bayan mota bai wadatar ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar takardar shaida tamkar ita ce ƙwarewar. An daɗe da tabbatar da cewa hannun da ba ya maimaita wannan aiki yakan fara mantawa cikin 'yan watanni, ko da takardar da ke aljihun mai shi ta shekara 2 ce. Nas ɗin da ya halarci bita sau ɗaya a otal, aka biya shi alawus, bai sake taɓa mutum-mutumin gwaji ba, kada a zarge shi idan ya daburce ranar da ake buƙatarsa. Laifin na waɗanda suka tsara horon ne.

Kayan aiki ma haka suke, sai dai su lalacewarsu a ɓoye take. Tukunyar oksijin na iya zama cike amma babu abin daidaita fitar iskar, ko a rasa sifanar buɗe ta. Na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki ba ta da amfani idan batirinta ya mutu, ko mannen da ake liƙawa a ƙirji ya bushe a zafin watan Afrilu. Jakar hura numfashi ta manya ba za ta yi wa jariri ba, kuma jaririn da aka haifa bai yi kuka ba iska yake buƙata cikin mintin farko. Allurar adirenalin, wadda ake yi wa wanda zuciyarsa ta tsaya, na da ranar ƙarewa. Duk waɗannan abubuwa ne da ake ganowa cikin ɗan lokaci kaɗan idan akwai takardar bincike da ake cikewa a farkon kowane aiki, a sa hannu, wani na sama ya duba.

Za a ce ko a Amurka da Ingila kusan mutum 1 cikin 10 ne ke rayuwa bayan zuciyarsa ta tsaya a wajen asibiti, me zai sa mu kashe kuɗi a kan haka? Hujjar tana da nauyi, amma ta manta cewa mafi yawan waɗanda motocinmu ke ɗauka zuciyarsu ba ta riga ta tsaya ba. Mai jegon da jini ya ɓalle mata, da ɗan acaɓan da ya karye a cinya, da yaron da ke jijjiga, abin da suke buƙata shi ne a tsayar da jini, a buɗe hanyar numfashi, a sa ruwa a jijiya, a ba da oksijin, don kada a kai ga danna ƙirji.

Batun kuɗi kuwa doka ta riga ta yi magana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko domin irin wannan agaji. Abin da ya rage shi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ta gindaya sharaɗi cewa kowace kwangilar sayen mota ta haɗa da kuɗin gyara da sake cika kaya da horon ma'aikata, kuma kada a bar wata mota, ta gwamnati ko ta asibitin kuɗi, ta kunna jiniya sai an duba cikinta. Malaman da za su koyar suna nan Shika, kuma ya dace atisayen da za a riƙa yi duk wata 3 ya haɗa da direbobi da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura, tunda sau da yawa su ne ke fara isa wurin da mota ta kife.