Da sunan Nijar aka yi ƙaryar, kuma yaƙin bai tsaya ba

Jiya da dare a fadarmu ta unguwar Zariya, shayi na biyu na kan gawayi, gardama ta kaure kan shugabannin da ke tura sojojinsu yaƙi ƙasar wasu, shekaru su yi ta tafiya, su kuma kullum cewa suke lokacin dawowa bai yi ba. Wani ƙanenmu, yaro mai hankali da nake ganin ƙimarsa, ya ce mini: "Yaya, shugaban ƙasa fa ya san abin da ba mu sani ba. Rahotanni na zuwa masa. In ya ce a ci gaba, akwai dalili." An yi ta katse juna, ban samu na ba shi amsa ba. Maganar ta kwana a raina, shi ya sa na zauna rubutu.

Ƙanena, ko kowa zai faɗi wannan magana, bai kamata ta fito daga bakin ɗan Nijar ba. Da sunan ƙasarmu aka taɓa gina ƙarya aka tafi yaƙi Iraƙi.

A watan Janairun 2003, George Bush, shugaban Amurka na lokacin, ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam Husaini, shugaban Iraƙi, ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka, ma'adinin da ake haɗa makamin nukiliya da shi. Afirkar nan Nijar ake nufi. Akwai wasu takardu da aka ce sun nuna an ƙulla cinikin tan 500. Ina tuna ranar da sunan Nijar ya fito a labarai. Muna shagon mahaifina, Allah ya jiƙansa, rediyonsa na kan buhun aya, an ɗaura wa eriyar wani guntun waya don ya kama tasha. Ya rage murya ya dubi maƙwabcinsa ya ce: "Alhaji, tan 500 mota nawa ke nan? Daga Arlit su biyo Tahoua, su wuce Konni da Dosso har Gaya, ba direba ɗaya da ya gani, ba ɗan duwan ɗaya da ya gani? Kuma Faransawa na zaune kan ma'adinan?" Baba bai yi boko ba, amma ya san hanya, ya san nauyin kaya.

Abin da Baba ya hango daga shagonsa shi ya tabbata. Tun a 2002 Amurka ta aiko tsohon jakadanta Joseph Wilson Yamai ya bincika, ya koma ya ce da wuya a ce an yi wannan ciniki. Ranar 7 ga Maris 2003 Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Ɗaya daga cikinsu na ɗauke da sa hannun ministan harkokin waje da ya bar kujerar fiye da shekara 10 kafin kwanan watan da ke kanta. Kwana 13 bayan haka, ranar 20 ga Maris, bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza.

Abin da ya fi damuna ma yadda dalilin ya riƙa sauya riga bayan an shiga. Da farko makaman ƙare dangi ne. Masu binciken Amurka da kansu suka ce a 2004 ba su sami tarin makaman ba. Sai aka ce ai dimokuraɗiyya aka kai wa 'yan Iraƙi. Da ƙasar ta rikice, sai aka ce gara a yaƙi 'yan ta'adda can kada su zo gida, alhali ƙungiyar da ta zama Da'esh, wadda ta kama Mosul a 2014, cikin hargitsin mamayar ta yi jijiya. A ƙarshe aka zo kan dalilin da ya fi kowanne ɗaure baki: sojojinmu sun mutu, in muka fita yanzu jininsu ya tafi a banza.

Wannan dalili na san shi tun kafin in san Bush. Kawuna ya taɓa sa a haƙa masa rijiya a gonarsa ta wajen Tibiri. Aka yi gaba goma sha biyar ba ko danshi. Duk yamma mai haƙar zai fito, jikinsa fari fat da ƙura, ya ce: "Alhaji, an riga an kashe kuɗi, a ƙara gaba biyu." Kawu ya sayar da raguna biyu, ya ƙara da buhunan gero, don kawai kada a ce na farkon ya salwanta. Kuɗin da ya shige ƙasa ba ya kiran ruwa. Amma kawu dukiyarsa ya zuba. Shugaban da ya ce a ƙara gaba biyu, 'ya'yan mutane yake sakawa cikin ramin, kuma kowace gawa sabuwa tana zame masa hujjar neman wata.

Jama'ar Amurka fa ba su farka da wuri ba, wannan kada mu ɓoye. Ko da yake miliyoyi sun yi zanga-zanga a biranen duniya ranar 15 ga Fabrairun 2003, lokacin da aka fara yaƙin kusan bakwai cikin goma na Amurkawa suna bayan shugabansu. Sun yi irin tunaninka, ƙanena: ya san abin da ba mu sani ba. Ra'ayi ya juya ne da akwatunan gawa suka fara yawa, duk da cewa a lokacin an hana 'yan jarida ɗaukar hotonsu a sansanin Dover inda ake sauke su. A watan Agustan 2005 wata uwa, Cindy Sheehan, wadda aka kashe ɗanta a Bagadaza, ta je ta kafa tanti kusa da gonar Bush a Texas tana neman ya fito ya faɗa mata don me ɗanta ya mutu. A zaɓen Nuwamban 2006 jam'iyyar Bush ta rasa majalisun biyu. Wata biyu bayan haka ya ba da sanarwar ƙara soja sama da 20,000. Sai Disamban 2011 Amurkawa suka fita daga Iraƙi, bayan sun rasa soja kusan 4,500.

Su 'yan Iraƙi, waɗanda ƙidaya mafi taka-tsantsan ta ce fararen hularsu sama da 100,000 sun mutu, ba wanda ya kai musu akwatin zaɓe ya tambaye su ko a ci gaba. Wannan ne ke ci mini rai. Ra'ayin jama'ar da ake aunawa na mutanen gidan shugaban ne, ban da na waɗanda ake yaƙin a ƙofar gidansu.

Mu ma mun gani a nan kusa. Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013, aka tarbi shugabanta Hollande da kiɗa a Timbuktu. Rundunar tasu mai suna Serval ta zama Barkhane a 2014, kowace shekara da dalilin ƙara zama, har sai da suka bar Mali a 2022, suka bar Nijar a Disamban 2023. Da aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da namu a Tongo Tongo a Oktoban 2017, wasu manyan sanatocinsu suka fito suka ce ba su ma san suna da soja masu yawa haka a Nijar ba. In masu sa hannu kan kuɗin yaƙin ba su sani ba, ina ga talakan da ake cewa da yardarsa ake yi?

Ban ce duk wanda ya shiga yaƙi ya tattara ya gudu rana ɗaya ba. Mun ga Kabul a Agustan 2021, mutane na bin jirgi da gudu lokacin da Amurka ke ficewa daga Afghanistan bayan shekara 20. Fita ma tana son tsari. Abin da na ƙi shi ne a ce mini in yi shiru don shugaba na da rahoton asiri. Rahoton asirin nan na gan shi sau ɗaya a rayuwata ya fito fili, da sunan ƙasata a kansa, da sa hannun ministan da ya daɗe da barin ofis.

A watan Yulin 2003, bayan Wilson ya rubuta a jarida abin da ya gani a Yamai, fadar shugaban Amurka ta amsa cewa bai kamata maganar yuraniyom ɗin ta shiga jawabin ba. Shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA ya ɗauki laifin. Yaƙin ya ci gaba shekara takwas da wata biyar bayan wannan amsa.