Gidan iyali a Legas: mu daina sayen fili da fatar baki

'Yan'uwana mazauna Legas, akwai maganar da muka daɗe muna faɗa wa kanmu, wai mu baƙi ne, nema muka zo, gida yana can Arewa. Mutum ya sauka Agege yana saurayi, a nan ya yi aure, a nan ya haihu, yaran suna jin Yarbanci kamar yadda suke jin Hausa, babbar ta isa aure, amma har yau yana ciki da falo na haya, suna layin banɗaki da maƙwabta. Ginin da ya yi yana can Funtuwa ko Gusau a kulle, sai sallah ake buɗewa a share ƙura. Ban ce kada a yi gini a mahaifa ba. Amma inda matarka da 'ya'yanka suke kwana kullum, nan ya fi cancantar rufin da yake naka.

Haya kuwa ba ta da tausayi. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma kowa ya san yadda ake yi. Ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya, ga na ajiya ko da za ka yi ɓarna, shekara ta zagayo mai gida ya ƙara, ko ya ce ɗansa zai dawo ya shiga.

To ina mai ƙaramin ƙarfi zai samu? A bar maganar Ikoyi da Lekki. Ko cikin Agege da Idi-Araba da Mile 12, inda muka saba, fili ya fi ƙarfin yawancinmu. Sai an fita gefe: Ikorodu, Agbado, hanyar Badagry, ko Sango Ota da Mowe da Ibafo. A da nisa ne ke hana mu, domin wanda zai buɗe shago da sassafe ba zai so ya ƙare rayuwarsa a cunkoson hanya ba. Amma tun 2024 jirgin ƙasa na Red Line yana tashi daga Agbado, ya tsaya Iju da Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo. Wanda kasuwarsa take kan wannan layi ya kamata ya sake lissafi. A lura dai, Sango Ota da Mowe da Ibafo a Jihar Ogun suke, takardunsu a Abeokuta ake binsu, ba a Ikeja ba. Kuma kada ka je duba wuri da rani kawai. Ka koma a watan Yuni ko Yuli bayan an sheƙa ruwa, ka dubi katangun maƙwabta, za ka ga shatin inda ruwa ya taɓa kaiwa. Mutanen Isheri da wajen Kara sun san abin da ke faruwa idan aka saki ruwan dam ɗin Oyan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke saye. Mu mutanen amana ne, a kasuwa ana cinikin shanu na miliyoyi da musabaha, babu ko takarda. Sai mu ɗauki wannan hali mu kai shi kan fili. Wani ya ce, "Alhaji, na san mai wurin, mutumin kirki ne, a yi sauri kafin wani ya riga mu." A tura kuɗi, a karɓi rasiti guda ɗaya, a ce Allah ya sanya alheri. Wallahi wannan rasitin ba ya tsayar da katafila.

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna. A Legas akwai filaye masu yawa da gwamnati ta riga ta karɓe, sai ɓangaren da ta yanke ta mayar wa ƙauyuka aka buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Da ido ba za ka bambance su ba, duk ciyawa ce da jar ƙasa. Aikin safiyo mai rajista ne ya ɗauki awon wurin ya kai ofishin Babban Safiyo a Alausa, a duba ko gwamnati tana da niyya a kansa. Aikin lauya ne ya bincika rajistar filaye, ya ga ko C of O ɗin da aka nuna maka, wato takardar shaidar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa, na gaske ne, ko an jinginar da gidan a banki. Idan mai C of O ne ya sayar maka, sai ka nemi amincewar gwamna kafin sunanka ya zauna daram. Idan kuma filin gado ne, dole shugaban zuri'ar da manyanta su sa hannu. Ɗa ɗaya ya sayar a ɓoye, gobe 'yan'uwansa su zo, kotu kuma ta ba su gaskiya. Lauyan ya zama naka, wanda kai ka biya, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba.

Sai omo onile, wato masu iƙirarin cewa su ne 'ya'yan masu ƙasa, masu zuwa karɓar kuɗi ranar haƙa harsashi, su dawo ranar zuba kankaren dakin, su sake dawowa ranar ɗora kwano. An yi doka a 2016 don hana ƙwacen fili, amma mai takarda ne ya fi ƙarfin kai ƙara. Mun kuma ga kasuwar Alaba Rago, inda mutanenmu suka shafe shekaru da dama, a 2022 aka ba su wa'adin kwana 14, daga baya rusau ya biyo.

Maganar kuɗi. Asusun gidaje na ƙasa, NHF, yana cire kashi 2.5 na albashi, ya ba da rance da ruwan kashi 6 har zuwa shekara 30. Wannan ya fi dacewa da ma'aikaci, mu kuwa yawancinmu 'yan kasuwa ne, ga kuma batun riba da kowa zai tambayi malaminsa. Akwai bankunan Jaiz da TAJ da Lotus da ba sa hulɗa da ruwa, sai dai a karanta sharuɗɗansu a tsanake a san jimlar abin da za a biya.

Ni abin da na fi yarda da shi, shi ne haɗin gwiwa. Eka ɗaya a Legas fuloti shida ce. Mutum shida da suka san juna su yi adashe, su ɗauki lauya ɗaya da safiyo ɗaya, su kewaye wurin da katanga nan take, amma kowa ya fita da takardarsa da sunansa, saboda ranar rabon gado. A nemi izinin gini, a fara da ɗaki biyu da falo da rijiya, a tare a ciki, sauran ya biyo a hankali. Kuɗin da ake kai wa mai gida duk shekara sai ya koma bulo.

Ina kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanninmu na Mile 12 da Agege, su ajiye lauya da safiyo amintattu a ƙarƙashin ƙungiya, duk ɗan'uwan da aka kawo wa tallan fili ya fara kai musu takardun su duba kafin ya tura ko sisi.